Littafi Ba Rigar Salla Ba Ne

 

Yau zancenmu a kan littafi ne. Ba wanda malami ke rubutowa a takarda ya ce a saya don aji ba, a'a, irin wanda uwa ke sayo wa ɗanta ko 'yarta da ke firamare don su riƙa karantawa a gida. Abin da ya jawo maganar kuwa wani kuskure ne da ni da kaina na tafka, na ga ba laifi in tona kaina in dai wata za ta tsira.

Akwai wata 'yar ƙanwata da na ke riƙo. Sa'ad da abin ya faru shekararta bakwai, tana aji biyu. Aka yi jarrabawar ƙarshen shekara ta zo ta uku. Na yi murna ƙwarai, na ce lalle yarinyar nan ta ci tukwici. Na shiga kasuwa na sayo mata Magana Jari Ce, littafi na farko, sabo ful. Ni a raina na yi gwaninta, gama littafin nan shi ya fara sa mini son karatu. Kwana biyu tana yawo da shi tana nuna wa ƙawayenta, ran na uku ban ƙara ganinsa ba. Na tambaya, ta ce ya ɓace. Na yi ta faɗa, har na ce ba ta san darajar kuɗi ba. Sai bayan wata guda, ran da mu ka fitar da katifu shanya, ga littafi kwance a ƙarƙashin tata, ko lanƙwasa bai yi ba. Na kira ta ɗaki na lallashe ta. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna, in na kai ƙarshen layi sai in mance abin da ke farkonsa." Ashe yarinya ta gwada, abin ya fi ƙarfinta, ta ji kunyar faɗi, ta gwammace ta sha faɗan ɓatar da littafi da a ce ba ta iya ba.

Da na zauna na yi tunani sai na ga inda na kuskure. Mu mata mun saba, in za a ɗinka wa yaro rigar Salla mu kan ce wa tela ya ƙara tsawo don yaro ya girma da ita. In takalmi ne mu sayi mai ɗan girma, a cusa tsumma a gaba. Wannan tattali ne, ba mai zarginmu. To, shi ne mu ke ɗauka mu kai kan littafi, mu ce bari a sayi babba, ya daɗe yana amfani. Amma riga in ta yi wa yaro yawa, naɗe hannu zai yi ya tafi yawon Salla abinsa. Littafi in ya yi masa yawa ba ya cewa littafin ne ya fi shi, sai ya ce shi ne daƙiƙi. Yaron da ya yanke wa kansa wannan hukunci yana ɗan shekara bakwai, sai an sha wuya kafin a raba shi da shi.

Ba kuwa laifin littafin ba ne. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939, kuma don 'yan makaranta aka yi su, amma waɗanda ƙafarsu ta riga ta kafu a karatu. Ki buɗe ki duba da kanki. Jimla ɗaya ta kan ci layi huɗu ko biyar, ga kalmomin fada, ga na Larabci, ga karin magana, ga labari cikin labari, aku na ba Musa ɗan Sarki labari don ya hana shi fita. Wannan abin daɗi ne ga wanda idonsa ke gudu a kan takarda. Wanda kuwa har yanzu ya ke haɗa ba da ki kafin ya ce baki, duk ƙarfinsa a kan baƙaƙen ya ke ƙarewa, ba abin da ya rage masa na bin labari.

Saboda haka mudu biyu ne uwa za ta riƙe, kada ta haɗa su. Akwai abin da yaro ke iya ɗauka da ido, watau ya karanta da kansa, akwai kuma abin da ya ke iya ɗauka da kunne, watau a karanta masa. Kunne ya riga ido nisa ƙwarai. Yarinyar da ba ta iya karanta layi biyu ba, in ki ka yi mata tatsuniya mai tsawo za ta maimaita miki ita gobe ba ta bar kome ba. Da na san haka tun farko, da na riƙe Magana Jari Ce a hannuna ina karanta mata labari ɗaya bayan sallar isha'i, ita kuwa in sayo mata ɗan ƙarami wanda za ta iya cinyewa da kanta.

To, yaya za ki san wanda ya yi daidai da idonsa? Kada ki dogara da abin da aka rubuta a bango, ko da an ce na aji kaza ne. Kada kuma ki dogara da bakin mai kanti, shi ciniki ya fito. Ki tafi da yaron, kamar yadda ba ki sayen takalmi sai an gwada ƙafa. Ki buɗe littafin a tsakiya, ba shafin farko ba, gama shafin farko ya kan fi sauƙi. Ki ce ya karanta miki a bayyane. Ke kuwa ki ɓoye hannunki cikin mayafi, duk kalmar da ta kā da shi ki lanƙwashe yatsa ɗaya. Kada ki gyara masa, kada ki yi tsaki, kada ya ga kina ƙirga. In ya kai ƙarshen shafi ba ki lanƙwashe ko ɗaya ba, littafin ya yi masa sauƙi, ko da ya ke wannan ba asara ba ce, yaro na son abin da ya iya. In yatsa biyu ne ko uku, shi ne daidai, ki biya kuɗi. In kuwa hannunki ya dunƙule tun bai gama shafi ba, ki mayar, ki ce, "Wannan sai baɗi." Wannan dabara ba tawa ba ce, malaman makaranta a ƙasashe da dama suna aiki da ita.

Amma fa ƙirgan yatsa kaɗai bai isa ba. In ya gama, ki rufe littafin ki ce, "To, me aka ce?" Akwai yaran da bakinsu ke zuba kamar famfo, amma in ka tambaye su wa ya gudu, wa ya bi shi, sai su yi zuru. Akwai kuma wata matsala da ta fi yawa a wajenmu. 'Ya'yanmu Allah ya ba su kaifin hadda, sun saba tun daga makarantar allo, a biya musu sau uku su riƙe. Wannan baiwa ce, amma ta kan rufe wa uwa ido. Yaro zai ɗauko littafin ajinsu ya rera miki shi daga farko har ƙarshe, ke kina ta sa albarka, alhali kuwa ko takardar bai duba ba. In kina so ki gane, ki rufe hoton da tafin hannu, ki nuna masa kalma ta ƙarshe a layi, sa'an nan ta tsakiya, ki riƙa komawa baya. Ko kuwa ki rubuta kalmomi biyar daga shafin a bayan kwalin sukari ki miƙa masa. Nan za ki san ko karatu ya ke yi ko tilawa. In kin tarar tilawa ce kada ki kunyata shi, ki dai san daga inda za ki fara.

Ga ɗan aji ɗaya da aji biyu, abin da za ki duba shi ne manyan baƙaƙe, layi biyu ko uku a shafi, da hoton da ya dace da abin da aka rubuta. In an ce akuya ta sha ruwa, a ga akuya a ga ruwa. Kalmomi su zama gajeru, irin su gida, nono, rana, kaza, kuma su riƙa dawowa. Ke maimaicin zai gundure ki, shi kuwa daɗi ya ke ji, gama duk sa'ad da kalmar ta dawo sai ya ga ya san ta. Mutanen da su ka shirya mana littattafan koyo a Zariya sun san haka, har sunayen da su ka ba su matakala ce: Ka Koyi Karatu, sa'an nan Ka Ƙara Karatu, sa'an nan Ka Yi Ta Karatu. Ba a hawan matakala daga sama.

Wani abu kuma da mata da yawa ba su dubawa, shi ne ƙugiyar baƙaƙe. Yanzu kowa na iya buga littafi, wasu kuwa ba su damu da su bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ ba. Ke babba in kin ga an rubuta "an yi fada a fada" kin san wanne ne faɗa wanne ne gidan Sarki. Ɗan koyo bai sani ba. Zai karanta baki inda ake nufin baƙi, kafa inda ake nufin ƙafa, ya rasa kan zancen, gobe kuma shi ma ya rubuta haka a jarrabawa. In kin buɗe littafin koyo ba ki ga ƙugiya ko ɗaya ba, ajiye shi kome kyan bangonsa.

In yaro ya kai aji uku ko huɗu, idonsa ya fara sakewa, ba abin da ya fi masa tatsuniya, domin ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi tun yana goye, ya san ta inda labari zai bi, sai karatun ya zo masa da sauƙi. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara su cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, tun 1971. Wanda ya ɗan fi ƙarfi kuma ki gwada shi da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama jarumi. Ba shi da tsawo, yara maza kuwa ba su ajiye shi sai sun ga ƙarshe.

Daga aji biyar zuwa shida ne maganar ke canzawa. A nan yaro ya iya karanta kusan duk abin da ya faɗo hannunsa, saboda haka tambayar ba "zai iya?" ba ce kuma, ta koma "ya kamata?" Wannan kuwa ba yatsa ke auna shi ba, sai ke kin zauna kin karanta littafin kafin shi. Na san aiki ya yi yawa, ga girki ga wanki ga sana'a. Amma ba ki ba yaro magani ba ki san na mene ne ba.

Ku ɗauki littattafan nan biyar da su ka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Mu kan haɗa su a baki ɗaya mu ce littattafan da, masu tarbiyya, sai ka ce duk abu guda ne. Ba haka ba ne. Ruwan Bagaja ɗan aji biyar zai sha dariya da shi, yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta gari gari, sai dai ki riƙa tambayarsa ko abin da su ka yi daidai ne, gama wayo da ƙarya sun yi yawa a ciki. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai kyau ƙwarai, amma labarin yaro ne da aka sace aka kai shi bayan hamada cikin bauta, uwarsa ta bi sawunsa ta sha wahalar duniya, ta same shi ba ta daɗe ba ta rasu. A zamanin nan da yara ke jin labarin satar mutane a rediyo, wani ma a garinsu aka yi, kada ki miƙa wa ɗan shekara tara wannan ya shiga ɗaki shi kaɗai da dare. Ku karanta tare, in ya yi tambaya ki amsa. Jiki Magayi kuwa zancen ƙwace budurwa ne da ramuwar gayya da sihiri, har ɗa ya kashe ubansa bai sani ba. Wannan a bar shi sai sakandare. Hakanan Dare Dubu da Ɗaya, kada sunan Ali Baba ya ruɗe ki, cikakken littafin da cin amanar aure da kashe amare ya fara, ba don yara aka yi shi ba. Mai son abin mamaki a ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki yaro aka yi sama da shi cikin taurari. A nan ne kuma lokacin Magana Jari Ce ya ke yi.

Sai na Turanci. Kun san irin waɗanda ake zubewa a kasuwa, na gwanjo, masu hotuna masu sheƙi, a bango an rubuta na ɗan shekara shida ne. Wane ɗan shekara shida? Na Ingila ko Amurka, wanda tun a zanen goyo Turanci ya ke ji, ya riga ya san kalmomin da kunne, gane su a rubuce kaɗai ya rage masa. Naki ɗan kuwa aiki biyu ne a gabansa, ya karanta kalmar, sa'an nan ya nemi ma'anarta. Ga shi Turanci ba kamar Hausa ba ne da abin da ka gani shi za ka faɗa, baƙi ɗaya ya kan yi sauti iri iri. In kuma labarin na ƙanƙara ne da ke zubowa daga sama, da dabbobin da bai taɓa gani ba, aiki ya zama uku. Ban ce kada a saya ba, Turanci dole ne, da shi zai yi jarrabawa. Amma ki sauko da mataki ɗaya ko biyu ƙasa da shekarunsa, kuma ki gwada shi da yatsa kamar na Hausa. In ya kai aji shida ki nema masa na marubutanmu na Nijeriya, kamar Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaron da ke Anacha yana ta neman kuɗin da zai haye Kwara ya ga Asaba. Wannan ko bai je can ba ya san kogi, ya san kwale-kwale, ya san yadda rashin kuɗin mota ya ke.

Ban mance da wata ba. Akwai yarinyar da ba a sa ta makaranta da wuri ba, shekararta goma ko sha ɗaya amma tana aji biyu. Wannan idonta na ɗan koyo ne, hankalinta kuwa na babba. In ki ka ba ta littafin "ga kaza, ga ƙwai" a gaban ƙannenta za ta ji an wulaƙanta ta, ta ƙi. Ita a nema mata gajerun labarai masu sauƙin kalmomi amma ba na jarirai ba, ta yi karatunta inda ba mai yi mata dariya. Ko kuwa a ce ita za ta koya wa ƙaramin gidan. Da wannan hujja sai ta bi littafin koyo daga farko har ƙarshe, girmanta bai faɗi ba.

Yanzu ku 'yan mata 'yan makaranta, da ku na ke. Na san littattafan soyayya da ke ƙarƙashin matashinku, da waɗanda ku ke karantawa a waya. Tun shekarun 1980 ake buga irinsu a Kano, ba yau aka fara ba, kuma ba duka ne na banza ba, wasu sun faɗi gaskiya a kan auren dole da zaman kishi. Amma don manya aka rubuta su. Ƙanwarki da ke aji huɗu, duk abin da ta ga kina yi shi ne abin sha'awa a wurinta, ran da ki ka tafi makaranta ki ka bar shi a kan gado sai ta ɗauka. Ki adana kayanki. Sa'an nan ga wani aiki da ku ka fi kowa iyawa. Maƙwabciyarku da ba ta yi boko ba, ba ta da yadda za ta san ko ɗanta karatu ya ke yi ko hadda. Ki shiga ki zauna da shi minti goma, ki gaya mata abin da ki ka gani, cikin ladabi, ba a gaban yaron ba.

Wata za ta ce duk wannan zancen masu kuɗi ne, littafi ya yi tsada, ita shi ya sa ta ke sayen babba guda ɗaya. Gaskiya ne ya yi tsada. Amma ƙaramin littafi in yaro ya wuce shi ba ya mutuwa, ƙaninsa na nan tafe, ɗan ɗakin abokiyar zamanki ma na nan. A yi masa riga da takardar buhun siminti ko leda mai kauri, a ɗinke gindinsa da zare tun yana sabo. Mata biyar a layi ɗaya in kowace ta sayi guda, aka riƙa musanya duk ran Juma'a, kowane yaro ya sami biyar. Mai babbar waya kuma, akwai African Storybook a intanet tun 2014, kyauta ne, da labarai cikin harsunan Afirka har da Hausa, an kasa su mataki biyar daga na ɗan koyo zuwa sama. Ki sauke, ki karanta tukuna, sa'an nan ki riƙe wayar a hannunki ku duba tare.

'Yar ƙanwar tawa kuwa, na koma na sayo mata wani ɗan siriri mai shafi goma sha shida, kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. A daren ta karanta mini shi sau biyu, kashegari ta tare mai kawo mana ruwa a zaure ta karanta masa, bawan Allah yana tsaye da jarka a hannu. Magana Jari Ce na mayar da shi cikin akwatina, ina fito da shi da dare in karanta mata labari guda. Yanzu tana aji biyar. Kwanan baya na nemi littafin a akwati ban gan shi ba, na ɗaga katifarta, ga shi nan, bangon ya yage, an sa tsinken tsintsiya a shafi na tamanin da wani abu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar fitila da wurin zaman karatu, gama wata 'yar'uwa ta rubuto tana kukan idon ɗanta na ruwa in ya yi karatun dare.